Me ya sa wasannin bidiyo na kurket ke fitowa da tangarɗa, kuma wa ke ɗaukar asarar?

A ranar 22 ga Nuwamban 2013, kwana ɗaya bayan Ingila da Ostireliya sun fara fafatawa a gasar kurket ta Ashes a birnin Brisbane, aka saka wani wasan bidiyo mai suna Ashes Cricket 2013 a kasuwar intanet ta Steam. Kwana huɗu kacal ya yi aka janye shi. Cikin kwanakin nan waɗanda suka saya sun cika YouTube da hotunan abin da suka tarar: masu tsaron fili suna jujjuyawa a wuri ɗaya tamkar masu rawa, ƙwallo yana gabansu sun kasa ɗauka, masu bugu kuma suna ta kai da komo suna tara maki babu mai tsayar da su.

Kamfanin 505 Games na Italiya, wanda ya ɗauki nauyin wasan, ya nemi afuwar masoya kurket da hukumomin wasan na ƙasashen biyu, ya yi alkawarin mayar wa kowa kuɗinsa, sannan ya soke fitar da wasan a kan PlayStation 3 da Xbox 360 da Wii U. Ya kuma ɗora laifin a kan gazawar kamfanin da ya ƙera wasan, wato Trickstar Games na birnin Melbourne.

Ba kasafai abu kan lalace ya kai haka ba, amma ƙorafin bai taɓa yankewa ba. Kusan duk lokacin da sabon wasan kurket ya fito, makonnin farko kan tafi ne a kan lissafa matsaloli da jiran gyara. Abubuwa uku ne ke haɗuwa su jawo haka: wahalar kurket ɗin kansa, kalandar gasa da ba ta jira, da kuma kasuwar da ta ƙanƙance har gogayya ta kusa ɓacewa a cikinta. Fahimtar su na da amfani har ga wanda bai taɓa kallon kurket ba, domin irin tsarin nan ne ake bi wajen sayar mana da manhajoji da dama.

Kurket a taƙaice

Ƙungiyoyi biyu ne ke karawa, kowace da ’yan wasa 11. A tsakiyar fili akwai wani siririn dandali mai tsawon kimanin mita 20, an kafa turaku uku a kowane ƙarshensa. Mai jifa yana wurga ƙwallo da nufin ya doki turakun, mai bugu kuma yana kare su da faffaɗan katako. Idan ya bugi ƙwallon, shi da abokinsa sai su yi gudu su sauya wuri, kowace sauyawa maki ɗaya. Idan ƙwallon ya gangara ya kai iyakar fili maki huɗu ne, idan ya tsallake ta a sama maki shida. Sauran ’yan ƙungiyar mai jifa suna warwatse a fili domin su cafe ƙwallon ko su mayar da shi ga turaku kafin mai gudu ya isa. Kowane jifa shida ana ƙirga shi zagaye ɗaya.

Wasan yana da nau’o’i. Akwai mai zagaye 20 ga kowace ƙungiya, wanda ake gamawa cikin sa’o’i uku zuwa huɗu. Akwai mai zagaye 50, mai cin yini guda. Sai kuma nau’in Test, wanda kan kai kwana biyar. Duk wasan bidiyon da ke son a ɗauke shi da muhimmanci sai ya ƙunshi dukkansu, kuma kowanne da dabarunsa.

Ƙwallon da ke ratsa katako

Ɗaya daga cikin ƙorafe-ƙorafen da suka fi yawa shi ne a ga ƙwallo ya wuce ta cikin katakon bugu, ko ta cikin hannun mai cafewa, kamar babu komai a wurin. Dalilin yana cikin yadda kwamfuta ke ganin motsi. Ita ba ta bin abu a jere yadda ido ke yi. Tana lissafa inda kowane abu yake ne sau da yawa a cikin daƙiƙa, galibi sau 30 ko 60.

Gwanayen masu jifa kan wurga ƙwallo da gudun kilomita 150 a sa’a. A irin wannan gudu, tsakanin lissafi ɗaya da na gaba, idan ana yin 60 a daƙiƙa, ƙwallon ya riga ya yi tafiyar kusan santimita 70. Kaurin katakon bugu kuwa doka ba ta yarda ya wuce santimita 6.7 ba. Ke nan a lissafin farko ƙwallon yana gaban katako, a na biyu yana bayansa, kwamfuta kuma ba ta taɓa ganin sun haɗu ba. Masu ƙera wasanni sun san maganin wannan, wato a riƙa duba dukkan layin da ƙwallon ya bi maimakon wuraren da ya tsaya kawai. Sai dai katakon ma yana motsi, mai bugun yana motsi, ƙwallon kuma yana iya karkata a iska ko ya sauya hanya bayan ya daki ƙasa.

Domin rage wannan nauyi, wasu wasannin kan fara yanke sakamakon bugu a ɓoye, sannan su zaɓo motsin jikin da ya fi dacewa daga cikin waɗanda aka ɗauka aka adana. Idan babu motsin da ya yi daidai, sai ido ya ga abu ɗaya, allon maki ya nuna wani. Daga nan ake samun mai cafewa da ƙwallo ya yi tsalle ya faɗa hannunsa daga nesa, ko mai gudu da aka ce ya fita alhali katakonsa ya tsallake layi.

Dokoki 42 da rassansu

Dokokin kurket 42 ne, kuma ƙungiyar Marylebone Cricket Club da ke filin Lord’s a Landan ce ke kula da su. Hanyoyi tara ne ake iya fitar da mai bugu a ƙarƙashin kundin 2017, kuma kowace tana da sharuɗɗa. Dokar tare ƙwallo da ƙafa, ta 36, misali ce mai kyau: kafin a yanke hukunci sai an duba inda ƙwallon ya fara dira, da inda ya taɓi jikin mai bugu, da ko ya yi yunƙurin bugu, da kuma ko ƙwallon zai doki turaku da ba a tare shi ba.

Ƙwararrun alƙalai ma kan tuntuɓe a nan. A wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya a Lord’s ranar 14 ga Yulin 2019, ɗan New Zealand Martin Guptill ya jefo ƙwallo zuwa turaku, ya daki katakon Ben Stokes na Ingila ya gangara iyaka. Alƙalai suka ba da maki shida. Daga baya tsohon alƙali Simon Taufel ya bayyana cewa biyar ya kamata a bayar, domin masu gudun biyu ba su gitta juna ba a daidai lokacin da aka yi jifan. Wasan ya tashi kunnen doki, zagayen raba-gardama ma haka, Ingila kuma ta ɗauki kofin bisa yawan bugun da ya kai iyaka.

Akwai kuma dokokin da sai a shekara ɗari ba a ga aikinsu ba. An fara wasan Test a 1877, amma sai a Nuwamban 2023 aka fara fitar da wani ɗan wasa a matakin ƙasa da ƙasa saboda jinkirin shiryawa ya karɓi jifa, wato Angelo Mathews na Sri Lanka a karawarsu da Bangladesh. Mai rubuta manhaja dole ya yi tanadin irin waɗannan duka, da abin da zai faru idan biyu suka haɗu a jifa ɗaya.

Tsawon wasan yana ƙara tona asiri. A ƙa’ida ana yin zagaye 90 a kowace rana ta Test, wato jifa 540, kwana biyar kuma 2,700. Idan aka ƙaddara akwai kuskuren da ke bayyana sau ɗaya a jifa 500, mai gwajin da ya buga gajeren wasa zai iya tashi bai gan shi ba. Wanda ya zauna ya buga cikakken Test kuwa zai ci karo da shi wajen sau biyar, kuma ɗaya daga ciki na iya fitar masa da gwarzonsa bayan sa’o’i yana gina maki.

Hankalin da ake ara wa kwamfuta

Ban da mai jifa da mai tsaron bayan turaku, mutum tara ne ke warwatse a fili, kuma a yawancin lokaci kwamfuta ce ke tafiyar da su. Da zarar an bugi ƙwallo, sai kowannensu ya yanke shawara nan take: wa zai bi shi, wa zai tsaya a baya, wane ƙarshe za a jefa. Idan tsarin rabon aikin ya rikice, sai biyu su bi ƙwallo ɗaya su tsaya cirko-cirko, ko kowa ya bar wa ɗan’uwansa, ko a jefa ƙarshen da babu kowa.

Wanda ya fi wannan wahala shi ne koya wa kwamfuta haƙuri. A wasan Test, ƙin taɓa ƙwallo ma gwaninta ce, kuma ƙungiyar da ta ga nasara ta kuɓuce kan shafe yini tana kare turaku don a tashi babu wanda ya ci. Masu buga wasannin bidiyo sun daɗe suna kokawa cewa kwamfuta kan buga wasan kwana biyar kamar na sa’o’i uku, ko ta ci gaba da jera masu tsaro a inda ƙwallo ba ya zuwa. Wannan ba ya hana wasa tafiya, amma yana cire masa ɗanɗano. A kan haka sai a ƙara muryar masu sharhi da ke maimaita jimla ɗaya ko su yaba bugun da ba a yi ba, da yankewar wasa tsakanin mutum biyu a intanet, da mutuwar manhaja a tsakiyar gasa har abin da aka adana ya salwanta.

Kalandar da ba ta jira

Duk wannan wahala lokaci da ma’aikata na iya shawo kanta. Abin da ake rasawa ke nan. Wasan kurket na bidiyo yakan yi ciniki ne idan wata babbar gasa na gudana, shi ya sa ake sayen lasisi daga hukumomi domin a yi amfani da sunan gasar da fuskokin ’yan wasa. Ranar fara gasar kuwa an tsayar da ita tun da daɗewa.

Ashes Cricket 2013 an tsara fitar da shi ne a watan Yuni, gabanin gasar da aka fara a Ingila ranar 10 ga Yuli. Bai kammala ba, aka yi ta ɗagawa. A wannan shekara an yi sa’a gasar Ashes biyu suka zo a jere, ta biyun a Ostireliya a Nuwamba. Wannan ce dama ta ƙarshe ga wasan da ke ɗauke da 2013 a sunansa, aka fitar da shi a yadda yake.

Lasisi na iya jawo cikas ta wata fuskar ma. An shirya fitar da Cricket 22 ranar 25 ga Nuwamban 2021 da hoton kyaftin ɗin Ostireliya Tim Paine a bango. Ranar 19 ga watan ya yi murabus sakamakon wata badaƙalar saƙonnin waya. Dole aka ɗage wasan zuwa 2 ga Disamba, aka maye gurbinsa da Pat Cummins. Kwanakin ƙarshe, waɗanda aka saba keɓewa ga farautar kurakurai, wani ɓangarensu ya tafi ga sauya hotuna.

Kasuwar da ta ƙanƙance

Zai ba da mamaki a ce wasan da ke da ɗimbin masoya a Indiya da Pakistan da Bangladesh yana fama da ƙarancin kasuwa. Amma yawan masu kallo daban, yawan masu iya sayen na’urar wasa da faifai mai tsada daban. Ƙasashen da aka fi sayen irin wannan kaya, kamar Amurka da Japan da Jamus, kurket ba shi da ƙarfi a cikinsu. A kudancin Asiya kuwa mafi yawan matasa a waya suke bugawa, a wasanni irin su Real Cricket da World Cricket Championship, waɗanda ake saukewa kyauta. Su kuma nasu ciwon kan daban ne: talla bayan talla, da kulle wasu sassa sai an biya.

Saboda haka manyan kamfanoni suka ja da baya. EA Sports, mai wasan ƙwallon ƙafa da ake sayarwa a duk duniya, rabonsa da kurket tun Cricket 07 da ya fitar a 2006. Codemasters na Birtaniya, mai jerin wasannin Brian Lara, shi ma ya bar fagen bayan International Cricket 2010. Tun daga Don Bradman Cricket 14 a 2014, kusan kamfani ɗaya ne ke riƙe da kurket a manyan na’urori, wato Big Ant Studios na Melbourne, wanda Nacon na Faransa ya saya a 2021. Shi ya fitar da Ashes Cricket a 2017, da Cricket 19, da Cricket 22, da Cricket 24. Adalci ne a ce shi ya ceto wannan fage bayan abin da ya faru a 2013, kuma an san shi da yawan fitar da gyara bayan wasa ya shiga kasuwa. Sai dai idan rumfa ɗaya ce a kasuwa, mai saye ba shi da inda zai kai fushinsa.

Ƙarancin kuɗi yana bayyana a lasisi ma. A Cricket 07, da yake babu izinin amfani da sunayen ’yan wasan Indiya, an mayar da Sachin Tendulkar ya zama S. Tendehar. Masoya ne suka shafe shekaru suna gyara sunaye da riguna da filaye da kansu, suna raba wa juna. Big Ant ya mayar da wannan al’ada wani ɓangare na wasanninsa, inda ya tanadi wurin da kowa zai ƙera ɗan wasa ya ɗora don wasu su sauke. Dabara ce mai kyau, amma ma’anarta ita ce wani ɓangare na abin da ke sa kayan ya sayu, masu sayen ne ke yin sa ba tare da lada ba.

A sayar yau, a yi faci gobe

A zamanin da wasa ke zuwa a faifai kaɗai, duk kuskuren da ya fita ya fita ke nan, don haka kamfani kan yi taka-tsantsan. Intanet ta ba da damar aika gyara, wato faci, bayan an sayar. Alheri ne babba, amma ya sauya lissafi. Yanzu ana iya karɓar kuɗi a ranar da aka tsara, a bar dubban masu saye su gano kurakuran da ’yan gwaji ƙalilan ba za su gano ba. Wanda ya yi ɗokin saye a ranar farko shi ke biyan farashi mafi tsada, kuma shi ke samun kaya mafi rauni. Ga wanda ke sayen data da awo, kamar yawancin masu wasa a Najeriya da Nijar, kowane faci ƙarin kuɗi ne. Wani lokaci ma facin kan toshe ɓaraka ɗaya ya buɗe wata.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A Disamban 2020 Sony ya cire Cyberpunk 2077 daga kasuwarsa ta PlayStation kimanin mako ɗaya bayan fitowarsa saboda yawan matsaloli, bai mayar da shi ba sai a Yunin 2021.

Abin da doka ta ce

Lokacin da aka mayar da kuɗin Ashes Cricket 2013, Steam ba shi da wani tsari na bai-ɗaya na mayar da kuɗi. A Agustan 2014 hukumar kula da gogayya da haƙƙin masu saye ta Ostireliya ta maka kamfanin Valve, mai Steam, a kotu. Ƙarar ba ta shafi wasan kurket ɗin kai tsaye ba, ta shafi sharuɗɗan da ke nuna wa masu saye cewa ba su da haƙƙin karɓar kuɗinsu. Valve ya kafa hujja da cewa shi kamfanin Amurka ne. Kotun tarayya ta yi watsi da wannan a Maris na 2016, ta kuma ci shi tarar dalar Ostireliya miliyan 3 a Disamban shekarar. Hukuncin ya tabbatar da abu biyu: manhaja kaya ce kamar sauran kayayyaki, kuma wanda ke sayar wa ’yan ƙasa dokar ƙasar tana hawa kansa ko daga ina yake.

Ana cikin shari’ar, a Yunin 2015, Steam ya fito da ƙa’idar da ake bi har yau: ana mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba a buga wasan sama da sa’a biyu ba. Ci gaba ne, amma ga kurket sa’a biyu gajeren lokaci ne. A fili na gaske, kashi ɗaya cikin uku ne na rana ɗaya ta wasan Test. Kurakuran da suka fi ciwo sukan bayyana ne bayan an yi nisa.

Birtaniya ta shigar da kayan dijital cikin dokar haƙƙin masu saye ta 2015, wadda ta ba mai saye haƙƙin a gyara masa ko a sauya, in hakan ya gagara a rage masa farashi. Tarayyar Turai ta amince da irin wannan tanadi a 2019, ya fara aiki a farkon 2022. Najeriya na da dokar gogayya da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, kuma tarar dala miliyan 220 da hukumar ta ci kamfanin Meta a Yulin 2024 ta nuna hannunta na iya kaiwa ga kamfanonin fasaha na waje idan ta ga dama.

Abin da ya rage ga mai saye

Kafin doka ta iso, akwai abin da ke hannun mutum. Kada ya biya kuɗin wasa kafin ya fito. Ya jira makonni ya ga abin da masu bugawa ke nunawa, ya fifita hoton wasan da talakawan masu saye suka ɗauka a kan tallan kamfani. Ya san ƙa’idar mayar da kuɗi ta kasuwar da zai saya, domin ta Steam daban take da ta masu na’urori. Idan ya saya, ya yi amfani da sa’o’in farko wajen gwada sassan da suka fi damunsa. Idan ya ci karo da tangarɗa, ya ɗauki hotonta ya aika ta hanyar da kamfanin ya tanada, ya kuma ajiye shaidar sayensa.

Kurket zai koma gasar Olamfik a Los Angeles a 2028, karo na farko tun 1900, kuma ƙasashen da a da ba a jin ɗuriyarsu sun fara tasowa. A Janairun 2025 ’yan matan Najeriya ’yan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand a gasar cin kofin duniya a Malesiya. Matasa da dama ta wasan bidiyo za su fara koyon dokokin kurket, kamar yadda wasu suka haddace sunayen ’yan ƙwallon Turai ta wannan hanya. Hukumomin da ke karɓar kuɗin lasisi suna da ikon gindaya sharaɗin inganci kafin su ba da sunan gasarsu, kuma su ne suka fi kowa asara idan sabon mai sha’awa ya fara haɗuwa da wasan a siffar da ƙwallo ke ratsa katako.